Yadda Na Gano Inda Ruwan Lagireton Motata Yake Zurarewa Bayan Wata Biyu Ina Lalube

Motata Toyota Camry ce ƙirar shekarar 1999, mai injin lita 2.2 da silinda huɗu, irin wadda ake yi wa laƙabi da fensir saboda siririyar fitilarta ta baya. Na saye ta a Kano shekara shida da suka wuce bayan ta riga ta sha hannu, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa zuba mata komai a lagireto ba in ban da ruwan famfo ko na burtsatse, domin haka na ga kowa yana yi. A farkon watan Maris, lokacin da sanyi ya janye zafi ya fara kankama, na buɗe murfin lagireto wata safiya na tarar ruwa ya yi ƙasa har ina hango bakin ƙananan bututun da ke ciki. Na zuba ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita, ya cika, ban kuma kawo komai a raina ba. Bayan kwana huɗu na sake dubawa na tarar ya koma inda yake. Daga nan abin ya zame mini al'ada, kullum akwai ledojin ruwa a but, kuma da yake allurar zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba, sai na riƙa lallashin kaina da cewa zafin gari ne yake ƙone ruwan. Wannan shi ne kuskurena na farko, domin hanyar ruwan inji a rufe take ruf, kuma in tana da lafiya mota tana iya yin watanni ba ta nemi ƙarin ko kofi ɗaya ba.

Da abin ya kai mako uku sai na fara bincike da kaina. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin da daddare, da safe na ga ɗan jiƙo kamar faɗin tafin hannu a ɓangaren dama, wajen kujerar mai zaman banza. Na matsa tiyon sama da na ƙasa ban ga tsaga ba, na haska lagireton da tocila ban ga ɗigo ba, na taɓa kafet ɗin gaba na ji shi a bushe. Washegari na kai wa makaniken da na saba da shi, na nuna masa kwalin. Ya dube shi ya ce, “Oga, wannan ai ruwan iyakwandishan ne.” Na yarda nan take, saboda tiyon da ke zubar da ruwan iyakwandishan shi ma a ɓangaren dama yake. Abin da ban lura da shi ba a ranar shi ne, jiƙon yana can gaba kusa da taya, ba ta baya kusa da bangon da ya raba inji da ɗakin mota ba, kuma da ya bushe ya bar shatin ja-ja na tsatsa, alhali ruwan iyakwandishan fari ne tas, ba ya barin launi.

Makaniken ya yanke cewa lagireto ne, ya kwance shi muka kai wa mai gyaran lagireto da ke bayan garejin. A can na shafe kusan awa uku a kan benci, domin akwai mutum biyar a gabana, yawancinsu direbobin haya. Da layi ya zo kaina, mutumin ya toshe bakunan lagireton, ya nutsa shi a cikin wani kwatarnin ƙarfe cike da ruwa, ya hura masa iska, sai ga ƙananan kumfa suna tasowa daga gefen da tankin roba na sama ya haɗu da jikin alminiyon. Ya ɓare tankin, ya zura siririn ƙarfe a cikin bututun ɗaya bayan ɗaya, abin da ya riƙa fitowa kuwa laka ce ja da wani farin datti mai tauri kamar na cikin tsohuwar butar shayi. Ya canza robar bakin, ya mayar da tankin ya matse haƙoransa. Ba zan zalunci mutumin nan ba, aikinsa ya yi, kuma yoyon da ya gano na gaskiya ne. Matsalar ita ce lagireton kaɗai aka gwada, shi ma bayan an raba shi da motar, sauran hanyoyin ruwan kuwa babu wanda ya waiwaye su. Na biya naira 9,000 a nan.

Wajen mayarwa ne makanikena ya ba ni shawarar da kusan duk mai tsohuwar mota a ƙasar nan ya taɓa ji, cewa a cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗauki zafi, a jefar, tunda don ƙasashen sanyi aka yi shi, sannan a sa fanka ta riƙa juyawa kai tsaye da zarar an tayar da mota. Na amince, na ba shi naira 5,000 kuɗin aiki. Kwana goma da suka biyo baya sai na ga kamar an rabu da bukar, allura ba ta ko kaiwa tsakiya, ruwa kuma bai ragu ba sai kaɗan. Daga baya ne na fahimci dalili. Injin da aka hana shi ɗaukar zafin da ya kamata ba ya tara matsi a hanyar ruwansa, kuma ƙaramin yoyo ba ya nuna kansa sai da matsi. Ba a warkar da ciwon ba, an dai lulluɓe shi ne, ni kuma na ƙara da biyan kuɗin fetur, domin inji mai sanyi ya fi shan mai.

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40 da rana, tafiya ta kama ni zuwa Zariya. Na bar gida da hantsi, iyakwandishan a kunne, ina gudu daidai gwargwado. Na wuce Kura lafiya, amma ina dab da Kwanar Dangora sai na ji iskar da ke fitowa ta daina sanyi, na kai idona kan allura na ga ta bar tsakiya tana hawa da saurin da ban taɓa gani ba. Gabana ya faɗi. Na gangara gefen titi na kashe motar, na ɗaga bonet, sai ga tururi yana fita daga robar ajiyar ruwa, ana jin ruwa yana tafarfasa a ciki kamar tukunya. Na ɗauko tsumma zan murɗe murfin lagireto, wani direban babbar mota da ke hutawa a gindin bishiya ya daka mini tsawa ya ce, “Malam, kada ka taɓa! Fuskarka kake so ka rasa?” Ya nuna mini tabon ƙuna a damtsensa, ya ce irin wannan gangancin ne ya jawo masa. Muka zauna muna hira har kusan minti arba'in, sai da tiyon sama ya yi laushi ana iya matsa shi da hannu sannan muka buɗe. Leda shida lagireton ya sha, lita uku ke nan, a injin da duk ruwansa bai wuce lita bakwai ba. Mutanen da suka taru kowa da maganinsa, wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, wani ya ce garin taba, wani ya ce garin kwaki yana toshe kowace irin ɓula. Direban ya girgiza kai ya ce abin da zai toshe ɓula zai toshe lagireton da aka wanke jiya-jiya. Na fasa tafiyar, na juyo a hankali da gilasai a buɗe, na tsaya a Kura na ƙara leda biyu.

Da na shigo gari na tsaya a wani gareji na daban da ke kan hanya. Mai garejin bai ko sunkuya ba, yana jin mota ta tafasa a kan babban titi kuma ba a ganin inda ruwa yake bi, sai ya ce tof gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke like tsakanin jikin inji da tof, murfinsa na sama, ruwan yana shiga silinda yana fita ta salansa. Ya lissafa mini sauke tof, da kai shi wurin masu share fuskarsa a inji, da sabon gasket, da baƙin mai, da kuɗin aiki, ya ce in tanadi naira 150,000, kuma in an buɗe an tarar tof ɗin ya tsage to sai dai a nemo wani. Na ce masa zan yi shawara. A daren nan barci bai ɗauke ni da wuri ba, ina ta auna ko in sayar da motar yadda take in huta. Maganarsa ba shirme ba ce, domin jikin wannan inji na ƙarfe ne, tof ɗinsa kuma na alminiyon, kuma zafi mai tsanani yana iya lanƙwasa alminiyon har gasket ya saki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, har zuwa lokacin babu wanda ya gwada komai a jikin motar, kowa da ka yake faɗa.

Wani abokin aikina ne ya tura ni wurin wani dattijon makanike da kowa yake kira Baba, ya ce yana da jinkiri amma ba ya kwance abin da bai tabbatar ba. Na je ranar Litinin aka ce in dawo Laraba da sassafe, in kuma zo da motar kafin ta ɗauki zafi sosai. Ranar Laraba ya bar ta ta huce na awa guda, yana yi mini tambayoyi kamar likita: yaushe abin ya fara, lita nawa nake ƙarawa a mako, wane ruwa nake zubawa, wa ya taɓa ta, me aka cire. Da na ambaci tamostat sai ya yi murmushi bai ce komai ba. Ya fara da batun gasket, tunda shi ne mai tsada. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya duba, ya kuma leƙa ƙarƙashin murfin man, ya ce in ruwa yana haɗuwa da mai za a ga ya koma kamar shayi mai madara, nawa kuwa baƙi ne wuluk. Ya cika lagireto ya bar shi a buɗe, ya sa yaronsa ya tayar da motar, muka zuba ido ko za mu ga kumfa tana ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, ba mu gani ba. Ya je bayan motar ya tara hannu a bakin salansa, babu farin hayaƙi mai kauri. Ya kwance filogi huɗun ya jera su a kan kwali, ya ce silindar da ruwa ke shiga filoginta yakan fito fes kamar an wanke shi, waɗannan kuwa duk launinsu ɗaya. A ƙarshe ya ɗaura agogon auna ƙarfin silinda a kowane rami, huɗun suka ba da lamba kusa da juna. Ya ce, “Ɗana, Allah Ya rufa maka asiri, gasket ɗinka lafiya lau. Da ka ƙara kilomita biyar a ranar nan da ba wannan maganar muke yi ba.”

Daga nan ya shiga shago ya fito da wata ƙaramar akwati, a ciki akwai famfon hannu mai kama da na keke, da agogo a jikinsa, da bakuna iri-iri. Murfin lagireto ya fara gwadawa. Ya nuna mini lambar 0.9 da ke rubuce a kansa, wadda shekara shida ina kallo ban taɓa tambayar ma'anarta ba, ya ce wannan shi ne matsin da murfin ya kamata ya riƙe kafin ya saki ruwa zuwa robar ajiya. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma in aka matse shi da wannan gwargwado sai ya kusa digiri 120 kafin ya tafasa, don haka murfin nan ba marufi ba ne kawai. Nawa ko rabin lambar bai riƙe ba, robarsa ta bushe ta tsattsage. Sannan ya ɗaura famfon a bakin lagireto, injin a kashe kuma a sanyaye, ya buga har allura ta kai 0.9, ya ce mu jira. Minti biyu ba a yi ba allurar ta fara sauka a hankali. Ya ba ni tocila ya ce in kwanta in duba ta bayan tayar gaba ta dama. Na kwanta a kan buhu, kuma a nan na ga abin da na yi wata biyu ina nema: ɗigo ɗaya bayan ɗaya yana fitowa daga ƙasan baƙar robar da ta rufe taimin bel, wato bel mai haƙora da ke daidaita juyawar sassan inji, dab da babban fulen inji, daidai wurin da kwalina ya jiƙe tun farko. Duk gwajin bai ɗauki rabin awa ba.

Baba ya yi mini bayani cewa a wannan inji famfon ruwa, wanda suke kira wata-fam, yana ɓoye ne a bayan wannan roba, kuma taimin bel ne yake juya shi. A cikin famfon akwai sil, wato zoben da ke hana ruwa isa ga boris ɗin da famfon ke juyawa a kansa, a ƙasansa kuma an bar wani ɗan rami da gangan domin in sil ɗin ya fara saki ruwan ya fita ta nan. Yoyon ba ya ƙarfi sai inji yana gudu da zafi, a lokacin kuwa ɗigon yana sauka a kan ƙarfe mai zafi ya bushe, ko iska ta kwashe shi a kan titi, shi ya sa ba a ganin tafki a inda aka ajiye mota. Da aka cire robar sai ga shatin tsatsa ya gangaro daga ramin kamar hawaye, bel ɗin ya jiƙe ya yi laushi, famfon kuma in ka kama fulensa yana girgiza. Da aka fito da shi na ga fukafukan da ke tura ruwa tsatsa ta cinye gefensu. Ya ɗaga shi ya ce, “Wannan aikin ruwan burtsatse ne.” A taƙaice ruwan ta hanya uku yake gudu, ta bakin tankin lagireto, da ta murfi, da ta famfo, mu kuwa mun kama mafi ƙanƙanta mun bar babba, an bar jaki ana dukan taiki.

Ya haɗa ni da yaronsa muka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon famfon a leda domin a gwada da sabo. Kaya iri uku ake samu, sabo mai nagarta, da sabo mai araha, da na hannu wanda ake kira Beljiyam. Baba ya gargaɗe ni cewa ko da wasa kada in sayi famfo na hannu, domin sil ɗinsa a ciki yake, ido ba ya ganin shekarunsa, kuma in ya saki sai an sake kwance duk abin da aka kwance yau. Saboda wannan dalilin ne ya ce a canza taimin bel da boris biyu da yake bi ta kansu a lokaci guda, tunda aikin ɗaya ne kuma ban san ranar da aka sa na cikin ba. A farashin lokacin na sayi famfo naira 32,000, bel da boris 38,000, tamostat mai lamba 82 a jikinsa 9,000, murfi 4,500, tiyon sama wanda ya kumbura tare da kilif da zoben roba na bututun bayan famfo 7,000, sai galan biyu na kulant, wato ruwan lagireto na musamman, wanda aka riga aka sirka 18,000. Zagayen kasuwar da ciniki ya ci mana awa biyu, kuma sau biyu yaron yana mayar da kaya yana cewa a kawo wani.

Aikin ya kai mu har bayan la'asar ta washegari, domin sai an cire tayar dama, an tallafe injin da jak an kwance kujerarsa ta wannan gefe, sannan a kai ga famfon, kuma wajen mayar da bel dole a daidaita alamomin taimin ba tare da kuskuren haƙori ɗaya ba. Kafin a zuba kulant sai da aka cika injin da ruwa aka tayar aka zubar har sau huɗu, na farko ja kamar kunun kanwa, na huɗu ya fito garau. Aka mayar da tamostat, aka kuma mayar da soket ɗin na'urar da ke kunna fanka, wanda ashe zare shi kawai aka yi fankar ta koma juyawa ba tsayawa. Na tambayi Baba ko ba gaskiya ba ne cewa kulant da tamostat na ƙasashen sanyi ne. Ya ce hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan kulant, mu abin da ya dame mu shi ne yana ɗaga ma'aunin tafasa kuma yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, tamostat kuwa a digiri 82 yake fara buɗewa, kuma babu ranar da zafin Kano ya taɓa kaiwa can. Ya zuba kulant ɗin a hankali, ya murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, ya bar murfi a buɗe inji yana aiki yana matsa tiyo domin iskar da ta maƙale ta fita, yana ƙarawa duk lokacin da ruwan ya faɗa, har fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. Bayan motar ta huce ya sake ɗaura famfon gwajin, muka zauna minti goma sha biyar allura ba ta motsa ba. Kuɗin aikinsa naira 20,000 ne, jimillar abin da na kashe a wurinsa da kasuwa ta kama 128,500, ban da 14,000 na farko.

Da zan sake bin wannan hanya, tun ranar da na ƙara ruwa karo na biyu zan nemi garejin da ke da famfon gwaji, in ce a gwada murfi a kuma gwada motar gaba ɗaya kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, domin gwajin lagireto a kwatarni lagireto kaɗai yake ba da labarinsa. Zan kuma lura da ainihin wurin da kwali ya jiƙe da launin da ya bari. Wanda aka ce masa tof gasket ne yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa shaida a baƙin mai, ko a kumfar lagireto, ko a filogi, ko a agogon silinda, kafin ya yarda a sauke masa inji. Kada kuma a dogara da allurar zafi ita kaɗai, tawa ba ta wuce tsakiya ba har ranar da kusan rabin ruwan ya tafi. Mai son sirka kulant mai kauri da kansa ya yi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ya tabbatar ba mai asid aka miƙo masa ba. Ragowar galan kuma a ɗaga shi sama inda yara ba za su kai ba, domin yana da launi mai kyau da ɗanɗano mai zaƙi, alhali guba ne ga mutum da dabba.

Baba ya ce in riƙa duba robar ajiya kowace safiya har mako guda, tunda ragowar iska za ta ci gaba da fita. A kwana biyun farko ruwan ya ɗan sauka, na ƙara kamar kofi ɗaya, na kuma ja layi da alƙalami a jikin robar daidai inda ya tsaya. Bayan mako uku na yi tafiyar Zariyar da na fasa, da tsakar rana kuma da iyakwandishan, na tsaya a Kwanar Dangora na sayi lemo ko zan ga direban nan ban same shi ba. Da na dawo gida motar ta kwana ta huce, na ɗaga bonet da safe na tarar ruwan yana kan layin.